Kun shafa wa tsohuwa hoda kun ce amarya ce: zare kan ofgired da musayar motar daji

1/ Duk wanda akwai Hilux, Prado ko Land Cruiser a gidansu, kuma yake zuga Baba a yi mata "ofgired" ko a kai ta wajen dila a yi ciko a ɗauko wata, ya matso kusa. Zan taɓa wasu, na sani. Ku yi haƙuri tun yanzu, don ba zan sassauta ba. 🧵

2/ Matsayata a taƙaice: motar da aka saya don shiga daji, hukuncinta a ƙarƙashinta yake. Shasi, inji, giya, ƙafafu. Duk wanda ya yanke shawarar gyara ko musaya bai kwanta ƙarƙashin motar da tocila ba, to idon mutane kawai ya bi, kuma aljihunsa ne zai biya.

3/ Mu fara da ofgired, tunda shi ne yayi. Ga wanda bai sani ba: a ɗauki Prado ta 2010, a cire mata bamba, fitilu, ragar gaba, bonet da marfin baya, a ɗaura mata na 2018 ko 2020. Wani har sitiyari da allon gaban direba yake canzawa. Ta fito tana ƙyalli, maƙwabta su zo taya murna.

4/ Me ya sa hakan ke yiwuwa? Saboda Prado samfurin 150 ta fito a 2009, Toyota ta ci gaba da ƙera ta har 2023 a kan ƙashin baya ɗaya, fuska kawai ta taɓa a 2013 da 2017. Haka Land Cruiser 200: daga 2007 zuwa 2021, an canza fuska a 2012 da 2015. Masu ƙera kayan jabu suka ga ƙofa, suka shiga.

5/ To tambayata ga mai ofgired: bayan ka kashe waɗannan miliyoyin, mene ne ya canza a motar wanda hanyar ƙauyenku za ta gani? Injin nan dai shi ne mai shekara goma sha biyar. Giyar ita ce. Shokozobar da ta mutu tun bara tana nan a mace. Robobin ƙafa da suka tsattsage suna nan. An yi kitso da ƙwarƙwata.

6/ Taɓo bai san fitilar 2020 ba. Yashi bai san ragar gaba ba. In kana hawa dutsen Mambila zuwa Gembu lagireto ya tafasa, sabon bamba ba zai sauko ya tura ka ba.

7/ Da ma a ce ofgired ba ya ƙara komai kuma ba ya rage komai, da na yi shiru, kowa da kuɗinsa. Amma yana ragewa. Yawancin bambobin nan na ado sun fi na asali saukowa ƙasa, ga siket a gefe. Motar da a da take sauka kwazazzabo ta hau lafiya, yanzu tudun farko za ta bar haƙoranta a ƙasa.

8/ Ga batun wayoyi. Fitilun sabon samfuri ba su dace da sokat ɗin tsoho ba, sai a yanka waya a haɗa, a naɗe da salatif. Damina ɗaya, ruwa ya shiga. Yau sigina ta ƙi, gobe fitila tana kashe ido ita kaɗai, jibi wata alama ta kunnu a allo, babu mai lantarkin da ya san daga ina ta taso, tunda taswirar wayoyin motar ta daina aiki tun ranar da aka sa mata almakashi.

9/ Wani wajen ma sai an yanka ƙarfen gefe ko an huda sabbin ramuka kafin kayan su zauna. Duk inda aka yanka ba a rufe da fenti mai kyau ba, nan tsatsa take kafa gida. Gyaran gangar Auzinawa ke nan.

10/ Sai uwa uba, rim mai inci 22 da siririyar taya. Jama'a, don Allah. Duk direban da ya taɓa bin hanyar Agadas zuwa Dirku zai gaya maka sirrin yashi: a rage iskar taya ta baje, ta yi faɗi, motar ta yi iyo a kan rairayi. Siririyar taya ba ta da naman da za a rage. Ka rage, rim ya ci ƙasa. Ka bari, ka nutse. A burji kuma dutse ɗaya ya ishe ta.

11/ Wato ka ɗauki motar da injiniyoyi suka ƙera don inda babu hanya, ka biya kuɗi aka mai da ita motar da ke tsoron ramin kan titin Zoo Road.

12/ Akwai kuma ɓangaren da ba a son a faɗa. Mai motar farko yana tallata ta da gaskiya: 2010 ce, an mai da ita 2020. Dillali na biyu ya ce "2020 ce, amma ka san yadda abin yake". Na uku ya ce 2020 ce kawai, ya rantse. A hannu na huɗu wani bawan Allah ya biya kuɗin shekara goma da babu su.

13/ Tun muna Islamiyya aka koya mana cewa ɓoye aibin kaya a ciniki ha'inci ne. Ban ga inda aka cire mota daga wannan hukuncin ba.

14/ In za ka sayi irin wannan, mota ba ta iya ƙarya duka. Ja bel ɗin kujera har ƙarshe, a gindinsa akwai ƙyalle mai ɗauke da shekarar da aka yi shi. Duba lambar shasi mai harafi da lamba 17, ka gwada ta jikin ƙarfe da ta takarda. A motocin da aka ƙera wa kasuwar Amurka, alama ta goma a lambar ita ce shekarar samfuri. Masu ofgired ba su cika wahalar da kansu a waɗannan wuraren ba.

15/ To shi ke nan, in ji wani, mu bar ofgired, mu yi musaya: a ba dila tsohuwa, a yi ciko, a ɗauko sabuwar shigowa. Nan ma ina da magana, kuma ta fi ta farko tsawo.

16/ A musaya dila sau biyu yake cin ka. Ya karya kuɗin taka, tunda shi ma sayarwa zai yi ya ci riba. Ya kuma tsaya a kan farashin tasa, tunda ya ga ranka ya riga ya biya. Kai kuma ido na kan ciko kawai, ba ka tambayi nawa aka yi wa kowacce kuɗi ba. Ba zagin dila nake ba, sana'arsa ke nan. Kai ne ka shiga kasuwa da ido ɗaya.

17/ Misali kawai, ba farashin kasuwa ba: motarka za ta yi miliyan 20 in ka yi haƙurin wata ɗaya ka sayar da kanka. Dila ya ce 16. Tasa da za ka iya tayawa 38 da kuɗi a hannu, a musaya ta tsaya 40. Cikon da ya kamata ya zama 18 ya koma 24. Miliyan shida ta tafi, ko ruwan sanyi ba a ba ka ba.

18/ Kuma ku tuna lokacin da muke ciki. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi farashinta. Dalar da take wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Kuɗin kwastan na mota da dala ake lissafa shi. Tun Janairun 2017 kuma aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, hanyar Kwatano ta zama ta 'yan fasa-ƙwauri.

19/ Ma'ana, motar da Baba ya saya a 2014, ya biya kwastan ɗinta cif, takardunta na cikin durowa, an saye ta ne da nairar da ba za ta dawo ba. Duk wadda za ka ɗauko a madadinta da nairar yau za ka biya. Wannan kaɗai ya isa mutum ya yi tunani sau uku.

20/ Sannan me kake karɓa? Taka ka san ta. Ka san ranar da aka sauke giya, ka san wanda ya sauke, ka san ƙarar da take yi da safe da abin da ke jawo ta. Ta filin dila fa? An wanke injin da sabulu, an fesa turare, an shafa wa tayoyi mai. Tarihinta kuma sai abin da aka ga damar gaya maka.

21/ Mita ana juya ta, wannan ba sirri ba ne. Motoci da yawa da ke shigowa daga Amurka daga gwanjon kamfanonin inshora suke, wato waɗanda suka yi hatsari ko ruwa ya ci. Guguwar Harvey kaɗai a 2017 ta nutsar da dubban ɗaruruwan motoci a yankin Houston. Kuna zaton duk an murƙushe su?

22/ Ba sai an je Amurka ba ma. A Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, Maiduguri ta cika da ruwa, motoci suka kwana a ciki. Motar da ruwa ya ci tana iya tashi lafiya yau, bayan wata shida tsatsa ta gama cin sokat-sokat, ƙwaƙwalwar motar ta fara hauka. Ɗaga kafet ka shinshina. Leƙa ƙarfen da kujera ke gudu a kai. Laka ba ta fita duka.

23/ Abin da ya fi ba ni dariya shi ne masu Hilux mai fetur. Injin lita 2.7 mai suna 2TR-FE yana cikin Hilux tun wajen 2004, kuma shi ne dai a cikin sababbin da ake kawo mana, da 'yan gyare-gyare. Ka yi cikon miliyoyi, ka buɗe bonet, ka tarar da ƙanin injin da ka baro a wajen dila. Sai dai allon taɓawa da kyamarar baya. Mabruk.

24/ Masu man gas kuma nasu ya fi haɗari. Sababbin injinan dizal suna fesa mai da matsi mai tsananin ƙarfi ta nozul masu ramuka kamar bakin allura, kwamfuta ce ke sarrafa su. Suna da ƙarfi, suna da tattalin mai, ban musa ba. Amma man gas mai tsabta suke so.

25/ Kai kuma da gonarka ke bayan Nguru ko cikin dajin Gumti, wane mai kake samu? Na jarka a bakin hanya, wanda ya sha ƙura, wani lokaci da ruwa a gindinsa. Tsohon inji zai yi tari ya haɗiye. Sabon zai kashe nozul, ya kashe famfo, kuma ba a gyara su a gindin bishiya.

26/ Ga matatar hayaƙi da ake sa wa sababbin dizal na wasu kasuwanni. A Ostireliya, inda man gas ɗinsu ya fi namu tsabta nesa ba kusa ba, kotun tarayya ta yanke hukunci a 2022 cewa matatar da ke cikin Hilux, Prado da Fortuner sama da 260,000 da aka sayar tsakanin 2015 da 2020 tana da matsala. In ta toshe a Sidni, me kake tsammani a Gashuwa?

27/ Ku tambayi kanku me ya sa Land Cruiser samfurin 70, wadda ta fito tun 1984, har yau ake ƙera ta da siffarta kamar akwatin ƙarfe. Me ya sa ƙungiyoyin agaji da masu haƙar ma'adinai da direbobin Sahara suke riƙe da ita? Injinta 1HZ, lita 4.2, silinda shida, babu turbo, tun 1990 yake aiki. Ba shi da gudu. Amma makaniken Agadas zai iya kwance shi ya ɗaure a tsakar rana da akwatin sifana ɗaya.

28/ A 1987 sojojin Cadi suka fatattaki tankokin Gaddafi a Fada da Wadi Dum a kan a-kori-kurar Toyota, har yaƙin ya samu suna daga motar. Babu wanda ya tsaya tambayar ko fitilarsu ta wace shekara ce. (Na san wannan misalin ya yi nauyi a kan maganar zuwa gona, amma kun gane.)

29/ Kar wani ya ce na ce a rungumi tsohuwar mota har abada. Akwai lokacin da rabuwa ita ce hankali, kuma a nan ma ƙarƙashin motar ne zai gaya maka. In shasi ya tsage an yi masa walda, ko tsatsa ta ci shi har sukundireba na shiga, ko ya karkace a hatsari motar tana tafiya kamar kaguwa, sallame ta. Inji ana canzawa, giya ana canzawa. Ƙashin baya in ya tafi, ya tafi.

30/ Ka kuma gaya wa mai saye gaskiyar abin da ya sa kake sayarwa. Ka rage kuɗi, ka kwana lafiya.

31/ Dalili na biyu mai ƙarfi: tsaron rai. Tsofaffin Hilux da yawa jakar iska biyu gare su, wasu ma babu, kuma ba su da na'urar da ke hana mota juyawa in ta kwace. Sababbi sun fi su a nan, babu gardama. In motar iyali take ɗauka kullum a titin Kano zuwa Kaduna, wannan hujja ce ta gaske. Lura dai: musaya ce ke kawo wannan. Ofgired ko jakar iska ɗaya ba ya ƙarawa.

32/ Na uku shi ne wanda ba mai son ji. In aikin motar ya canza, Baba ya bar gona, iyakarta gida, masallaci, ɗaurin aure, to ba sabuwar Prado kuke buƙata ba. Tun 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200, ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Injin V6 mai lita 4 a cunkoson Kurna azabtar da kai ne. Ku sayar, ku sayi Corolla, ku sa canjin a wani abu.

33/ Gwaji mai sauƙi: tambayi mai motar yaushe rabon da ya sa giyar ƙafa huɗu. Wasu shekara biyar ba su taɓa sandar ba, wasu ba su san amfaninta ba. Har ta ƙage don rashin aiki. Irin wannan mutumin ne zai zo yana maka lacca a kan wace mota ce ta fi ƙarfi a daji.

34/ In kuwa shasi lafiya, inji bai shan baƙin mai, bai hayaƙi, kuma motar har yanzu daji take shiga, to ga inda kuɗi ke da amfani. Tayoyi biyar masu ƙwari, har da safaya, girman da kamfani ya rubuta a jikin ƙofa. A gefen taya akwai lamba huɗu, mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Kar a sayar maka da tsohuwa mai sabon zane.

35/ Shokozoba huɗu na asali, robobin ƙafa, birki gaba da baya. A wanke lagireto ko a canza shi, a daina zuba masa ruwan rijiya, a mai da abin daidaita zafin da makanikai suke cirewa su jefar wai ƙasarmu da zafi. A canza man giya da na akwatin ƙafa huɗu da na aksul, waɗanda wasu motocin tun daga Japan ba a taɓa buɗe su ba. Mai dizal ya ƙara matatar da ke raba ruwa da mai.

36/ Duk wannan ba zai fito a hoto ba, shi ya sa ba ya farin jini. Babu wanda zai tsayar da kai a Nassarawa GRA ya ce kai, wannan man aksul ɗin ya yi kyau.

37/ Lokacin horon aiki na yi watanni a gareji, kuma abin da na fi gani shi ne mota mai sabuwar fuska an jawo ta da igiya. Mai ita zai yi ciniki a kan kuɗin famfon ruwa kamar ransa zai fita, alhali fitilar da ke gaban motar ta ninka famfon sau da yawa.

38/ Masu cewa "kuɗinsa ne, ina ruwanka": in kuɗinsa ne shi kaɗai, Allah ya ba da sa'a. Amma sau nawa kuɗin nasa ne? Sau da yawa mu ne, 'ya'ya, muke matsa wa tsoho lamba don mu samu abin ɗorawa a Instagram ranar Sallah. Kuɗin takin bana ne. Kuɗin makarantar ƙanne ne. Kuma in motar ta maƙale a fadama da buhu arba'in a baya, ba mai hoton ne zai kwana a wajen ba, direba ne da yaran mota.

39/ Masu cewa ofgired na ƙara wa mota daraja a kasuwa: wajen wa? Wanda ya san mota yana ganin an taɓa fuska zai fara tambayar me aka ɓoye, ko hatsari ta yi aka fake da ofgired. Ba zai biya ka kuɗin kayan ba. Wanda zai biya shi ne wanda bai sani ba, mun kuwa yi maganar wannan a sama.

40/ Ban ma taɓo batun hanya ba. A wasu hanyoyinmu na yanzu, kowa ya san motar da ke ƙyalli kamar ta babban mutum ba alheri take jawo wa na cikinta ba. Ka biya kuɗi don a ɗauka kana da abin da ba ka da shi, a hanyar da ake tare mutane saboda abin da ake zaton suna da shi. Allah ya tsare mu.

41/ Kafin a kira dila ko mai ofgired, a kai motar rami ko a ɗaga ta. A samu makaniken da ba shi zai yi aikin ba, kuma ba shi da la'ada a cinikin, a biya shi kuɗin dubawa. Ya bi shasi da guduma daga gaba har baya, ya gwada matsin kowace silinda, ya sa ƙafa huɗu a kan ƙasa ya ji ko tana kamawa. A rubuta kuɗin gyaran a takarda, a ajiye kusa da kuɗin ciko.

42/ In musayar ce ta yi nasara, wannan makaniken dai shi zai duba wadda za a ɗauko, a garejinsa, ba a filin dila ba. Dilan da ya ce motarsa ba ta fita sai an biya, ka yi masa godiya ka kama hanya. Takardar kwastan kuma a tantance ta a ofishinsu kafin kuɗi su bar asusu, don in ta jabu ce, a shingen farko za a sauke ka, tsohuwar taka kuma tuni an yi mata sabuwar fuska an sa ta a kasuwa.